Kawunmu Mai Kallon 'Yan Tsana

Daga Allah muke, kuma gare shi Kawu ya koma ranar wata Talata cikin damina, tsakanin azahar da la'asar, a ɗakinsa da ke gidan gado a Zango. Wan mahaifiyata ne, shi ne babba a ɗakinsu. Kafin magariba an kai shi makwancinsa, mutane suka dawo da laka a ƙafafu, aka shimfiɗa tabarmi a zaure da ƙofar gida.

Masu gaisuwa sun faɗi abin da ake faɗa, kuma ba su yi ƙarya ba. Abokan kasuwarsa suka ce shekarun da ya yi yana sayar da yadi bai taɓa tauye wa kowa awo ba. Limamin unguwa ya ce ko da ruwa ake yi sai ka same shi a sahun gaba. 'Yan'uwanmu na Gaffati suka tuna shekarar da gero bai yi ba, ya tura musu abin da suka ci har kaka. Muna ta amsawa da amin.

A cikin gida, wajen mata, wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta shigo tana dogara sanda. Ta zauna gaban Iya, matar Kawu, ta kama hannunta ta ce, "Allah sarki, mai 'yan tsana ya tafi. Yanzu wa zai tara mana yara?"

Wata ta ƙunshe dariya cikin mayafi. Mahaifiyata ta yi sauri ta ce, "Baba, ki yi masa addu'a kawai." Tsohuwar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane abin da ta faɗa na laifi ba. Ba ta kuwa faɗi laifi ba. Ita kaɗai ce a ranar ta ambaci abin da Kawu ya fi so a duniya bayan iyalinsa, mu kuma muka rufe mata baki.

Washegari wasu magidanta suka zo, waɗanda ba dangi ba kuma ba 'yan kasuwa ba. Ɗaya soja ne, ɗaya ɗan kabu-kabu, sauran ban san sana'arsu ba. Da aka tambaye su alaƙarsu da mamaci sai suka shiga kallon juna. Ɗan kabu-kabun ne ya ce, "A tsakar gidan nan muka yi kallo muna yara." Sojan ya daɗe yana leƙen tsakar gidan ta ƙofar zaure, kafin su yi fatiha su tafi.

Tun daga lokacin abin yake damuna, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina tsoron nan da 'yan shekaru jikokinsa su san shi a matsayin mai yadi, mai sahun gaba, su rasa sauran.

Kawu yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. A gidansa na yi yawancin ƙuruciyata saboda ya fi kusa da lakwal, makarantarmu ta boko. Abin da ke burge Kawu a tele ba labarai ba ne, ba kokawa ba, ba wasan kwaikwayo na mutane ba. 'Yan tsana ne masu motsi, waɗanda ake sa hannu a cikinsu ko a ja su da zare su yi magana. Duk ranar da za a nuna shirin yara mai irin waɗannan, da wuri yake rufe shago. A fito da tele tsakar gida a ɗora kan turmin da aka kife, yaran unguwa su cika tabarma, shi kuma ya zauna a tsakiyarsu da babbar rigarsa da hularsa, dattijo guda cikin 'yan ƙanana, yana dariya har hawaye.

Da kaset ya shigo gari, abin ya ƙaru. Duk ɗan kasuwar da zai je Kano sarin yadi sai Kawu ya yi masa saƙo: a nemo masa fim ɗin dodanni, irin wanda ake haɗa mutane da halittun da aka ɗinka. Ba ya jin Turanci ko kaɗan, Faransancinsa ma na ciniki ne. Shi yake raɗa wa halittun suna, ya ƙirƙiro abin da suke cewa. Akwai wani kunkuru mai gemu da ke gadin gada a wani fim, Kawu ya sa masa suna mai karɓar haraji, ya riƙa yi masa magana da muryar wani ma'aikacin kasuwa da kowa ya sani. Iya tana daga madafa take cewa, "Malam, ka ji tsoron Allah, mutumin nan yana da iyali."

Kuma idonsa na mai yadi ne. Muna tsakiyar jin tsoron dodo zai matso kusa da tele ya ce, "Karammiski ne wannan. Dubi yadda yake shan haske. Kunnen kuma fata ce, an jeme ta da kyau." Sai tsoron ya tafi, mu yi ta ƙorafi ya ɓata mana kallo.

Maganar da ya fi yawan yi ita ce, "Akwai mutum a ciki." Idan 'yar tsana ta sunkuyar da kai cikin baƙin ciki har muka ji tausayinta, sai ya ɗaga hannunsa ya lanƙwasa wuyan hannun a hankali ya ce, "Kun gani? Wannan kawai ya yi. Yana can ƙasa a durƙushe, gumi na zuba, hannunsa ya gaji, ba wanda zai taɓa ganin fuskarsa."

Idan fim ya ƙare yara su watse, ni ba ni da izinin tashi. Sunaye za su fara hawa a allon, ya ce, "Uwata, karanta mini masu hannu." Ina lise, babbar sakandare, a lokacin, na iya gano inda aka rubuta masu motsa 'yan tsanar. In riƙa karanta sunayen Turawa ina karya su yadda na ga dama, shi kuma duk sunan da na kira sai ya ce, "Allah ya yi wa hannunka albarka." Idan sun wuce da sauri sai a mayar da kaset baya. Wata rana na gaji na ce, "Kawu, mutanen nan fa ba su san kana yi ba."

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakin kowa ba.

Ya ce yana yaro, wani tsoho mai dabo-dabo yakan zo kasuwa bayan an gama girbi. Zai kafa sanda a ƙasa, ya lulluɓa mata wata ƙatuwar riga ta zama kamar rumfa, ya shige ciki. 'Yan tsana su riƙa leƙowa ta wuyan rigar suna magana da wata siririyar murya, makaɗi yana gefe yana amsa musu. Mutane suna cewa aljanu ne tsohon yake kira. Kawu ya kasa haƙuri. Ya zagaya ta baya, ya kama bakin rigar ya ɗaga sama da ƙarfi, har sandar ta faɗi.

"Uwata, ba aljani ko ɗaya," ya ce. "Tsoho ne ramamme, ba riga a jikinsa, ya jiƙe da gumi, hannuwansa biyu a sama, da wani ɗan abu a bakinsa da ke sirantar da murya. Kasuwa ta fashe da dariya. Yara suka fara jifarsa da ɓawon gyaɗa. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Ya dube ni kawai, ya tattara 'yan tsanarsa a buhu. Ban sake ganinsa a garin nan ba."

Na ce ai yaro ne shi a lokacin, kuma wataƙila tsohon rasuwa ya yi ko ya canza kasuwa.

"Wataƙila," ya ce. "Amma ni na san abin da na yi. Kuma abin mamaki, ranar ce na fara son abin da gaske. Da aljani ne da ba komai ba ne. Mutum ne fa, da hannu irin nawa. Ko sunansa ban sani ba. To waɗannan da aka rubuta nasu, ai sai a kira."

Rigimar da ta canza gidan ta zo ne daga babban ɗansa, taubashina, wanda nake kira Yaya. Mutum ne mai tsare addininsa, ba mai neman fitina ba. Ya yi karatu a waje, ya dawo ya yi aure, ya zauna a wata unguwa. Kawu yana da 'yar tsana guda ɗaya tak tasa ta kansa, wata akuya da ya sa tela ya ɗinka masa da ragowar yadi, da maɓallai a matsayin idanu. Wata Juma'a Yaya ya zo ɗaukar 'yarsa, ya tarar da mahaifinsa a durƙushe bayan kujera, hannunsa a cikin akuyar, tana yi wa yaran unguwa kuka. A zaure kuma ga baƙi, surukan Yaya ne da suka zo gaisuwa, suna jin komai.

Yaya ya ɗauki 'yarsa, ya ce, "Baba, da furfurarka? Mutane suna zaure suna jiranka, kana nan kana kukan akuya. Kuma ka san abin da aka ce game da ajiye siffofi a gida. Ni dai 'ya'yana ba za su ƙara zama wajen wannan ba."

A gaban yara ya faɗa. Kawu ya miƙe a hankali, akuyar tana hannunsa har yanzu, ya rasa yadda zai yi da ita. Ya ce, "To, na ji." Ya cire ta ya miƙa wa Iya, ya gyara hularsa, ya fita wajen baƙi.

Maganar siffofin ce ta zauna masa. Bayan kwana biyu ya je wajen wani malami abokinsa ya tambaya. Malamin ya ce masa 'yar tsanar wasan yara an yi sauƙi a kanta. Kawu ya ce, "To ni yaro ne?" Malamin ya yi dariya, ya ɗauka raha ce. Kawu ya dawo gida da tambayarsa yadda ya tafi da ita.

Daga nan ba a sake fito da tele tsakar gida ba. Yara suka yi ta zuwa suna tsayawa a ƙofa, Iya tana ce musu tele ta lalace, har suka daina. Akuyar ta shiga ƙasan adaka. Kawu ya koma kallo shi kaɗai a ɗaki, ya saki labule, ya rage murya, idan ya ji sallama ya kashe da sauri kamar wanda aka kama da kayan wani. Ba wanda ya ce masa ya dawo da abin da ya bari. Gidan ma sai ya ji daɗi, don an daɗe ana yi mana ba'a a unguwa ana kiranmu 'yan gidan 'yan tsana, kuma 'yan matan gidan sun fara girma. Mahaifiyata ta ce, "Gara haka, girma ya zo masa." Kowa ya gyaɗa kai.

Shi da Yaya ba su daina gaisawa ba. Yaya yana zuwa kowace Juma'a, ya durƙusa, ya kawo cefane. Amma hirarsu ba ta wuce lafiya da farashin hatsi.

Sau ɗaya akuyar ta sake fitowa. Iya ta samu shanyewar ɓarin jiki, bakinta ya karkace, magana ta yi mata wuya. Da aka sallamo ta daga likita sai ta ƙi cin abinci. Ta juya fuska bango, duk wanda ya kawo kunu ta ture. Mace ce mai tsafta da kunya, ba ta son a ga abinci yana zubo mata ta gefen baki. Mun yi lallashi, mun yi kuka, mahaifiyata har faɗa ta yi mata. Iya ta rame, idanunta suka faɗa.

Ina zaune a bakin gadonta wata safiya sai na ga kan akuya ya leƙo ta ƙarshen katifa. Kawu ne ya rarrafo ya kwanta a ƙasa, mutumin da gwiwa ke damunsa. Akuyar ta sunsuna kofin kunu, ta dubi Iya, ta ce da wata 'yar murya, "Hajiya, in ba kya sha ni zan sha. Ni ma bakina a karkace yake, tela ne ya cuce ni." Ta tsoma baki a kofin, kunu ya ɓata mata gemu, ta yi atishawa.

Wani sauti ya fito daga bakin Iya, na ɗauka shaƙewa ta yi. Dariya ce. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta make akuyar a ka, ta ce da ƙyar, "Ba ni." A ranar ta sha rabin kofi. Kawu ya ci gaba da haka kullum safe har ta fara ci da kanta. Wata rana ina ɗaga kai na ga Yaya a tsaye a bakin ƙofa, yana kallon mahaifinsa kwance a ƙasa da hannu a sama. Ya daɗe a wurin. Bai shigo ba, ya juya ya tafi. Da Iya ta samu sauƙi Kawu ya wanke akuyar ya shanya a bayan ɗaki inda ba a gani, ya mayar da ita adaka.

Shekarun ƙarshe finafinai suka canza, aka koma yin dodanni da na'ura. Jikokinsa sukan nuna masa a wayar salula, ya kalla kaɗan ya mayar musu. "Wannan ba nauyi a jikinsa," yake cewa. "Dubi ƙafarsa, ba ta taka ƙasa. Ba kowa a ciki." Sai kuma ciwon sukari ya taɓa masa ido, gani ya yi ta raguwa har ya zama haske da inuwa kawai yake bambancewa. Duk da haka yakan sa a kunna masa tsofaffin finafinansa, ya roƙi duk wanda ke kusa ya zauna ya faɗa masa abin da ke faruwa. Kowa yana da uzuri. Masu aiki suna da aiki, mu masu aure muna da gidajenmu, yara kuma sun ce finafinan sun tsufa. Sau da yawa Iya ce kaɗai ke zama da shi, ita da harshenta mai nauyi, tana ƙoƙarin gaya masa kunkuru ya hau gada.

Bayan sadakar bakwai, baƙi sun ragu, ina wanke kwanoni a bayan ɗakin Iya sai Yaya ya zo ya tsuguna kusa da ni. Tun ranar rasuwar ban ga ya yi kuka ba. Shi ya tsaya kan komai, wanka da likkafani da karɓar gaisuwa. Ya ɗauki wani kwano yana juya shi a hannu.

"Kin san watannin nan ina zuwa wajen Baba da hantsi?" ya ce.

Na ce ban sani ba.

"Idan na fito daga aiki na ɗan lokaci. In kunna masa, in zauna ina faɗa masa abin da ake yi. Ranar farko da na ce zan yi, ya matsa mini a tabarma kawai. Har sunayen ƙarshen nake karanta masa." Ya ajiye kwanon. "Ban taɓa ce masa ya yafe mini maganar nan ba. Kullum in ce gobe. Na ɗauka zaman da nake yi ya isa ya gane."

Na ce ai ya gane, Kawu ba ya riƙo.

"Ba wannan ba ne." Ya dube ni. "Ana gobe zai rasu, fim ya ƙare, na kashe. Sai ya kamo hannuna ya ce, 'Kai ka yi karatu. Kana ganin za a tambaye ni a kan 'yan tsanan nan?' Wallahi na san abin da ya kamata in ce. Na ga abin da ya yi wa mahaifiyata da idona. Amma sai na ji nauyin in warware maganata ta da, na ce masa, 'Allah ne masani, Baba.' Ya saki hannuna ya ce, 'Haka ne.' Ya juya ya kwanta. Maganarmu ta ƙarshe ke nan."

Sai kukan ya zo masa, irin na babban mutum, ba sauti, kafaɗu kawai ke girgiza. Ni ma ban zauna da Kawu ba, da wane baki zan ba shi haƙuri?

Tagar ɗakin Iya tana buɗe a samanmu, ba mu lura ba. Muka ji ta kira shi. Muka shiga, tana zaune kan tabarmar takaba, carbi a hannunta mai lafiya. Ta nuna masa gefenta ya zauna. Magana tana yi mata wuya har yanzu, kalma ɗaya-ɗaya take fitarwa, muka jira.

"Ni ma ya tambaye ni," ta ce. "Bayan ka tafi."

Yaya ya ɗago kai. "Me kika ce masa, Iya?"

"Na ce, in an tambaye ka, ka ce a kira ni. Ni ce shaida." Ta numfasa. "Ya yi dariya. Ya ce, da wannan bakin naki? Sai an kai magariba ba ki gama ba."

Yaya ya kifa kansa a gwiwarta. Ta ɗora masa hannu a ka, ta bar shi ya yi kukansa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya sauƙaƙa masa tambaya. Mu da muka bar shi yana kallo shi kaɗai a bayan labule, Allah ya yafe mana.